Garkar bayan gida da noman buhu: wa ke riƙe da iri yanzu?

Baba Garba Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun faɗuwar damina nake kallon hotunan da kuke turowa, buhuna jere reras a tsakar gida, tumatir, tattasai, latas, kokumba, har wata 'yata ta turo sitiroberi, abin ya yi min daɗi Allah ya ƙara albarka. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai kuma gara in faɗe shi. Duk hotunan nan ban ga rama ba, ban ga yakuwa ba, ban ga lalo ko tafasa ba, kuma duk wanda aka tambaya ina ka samu iri sai ya turo hoton 'yar leda ko gwangwani daga shago. Mu da muka taso babu gidan da ba shi da garka a baya ko da faɗin tabarma biyu ce, zogale ne shingen, kabewa ta hau kan danga, ga kuɓewa ga gauta ga barkono, lalle a lungu saboda mata, ruwan wanke-wanke da na alwala shi ke bi ta rariya ya shayar da su. Kuma ba a sayen iri, tsohuwar gida ce ke riƙe da shi a gora ko a ƙullin tsumma, ta cakuɗa da toka ta soke a rufin ɗaki. Ni ba maƙiyin zamani ba ne, aikin malamin gona na yi har na yi ritaya, mu muka yi ta yawon ƙauyuka muna koya wa mutane sa takin zamani. Tambayata ɗaya ce, a cikinku wa ke da irin da ya gada a gidansu, wanda in shago ya rufe gobe zai iya shukawa?

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Wlh maganarka ta taɓa ni amma dan Allah a yi mana adalci mu 'yan haya. Gidan da nake a Kano tun daga bakin get har jikin katanga siminti ne, ko inda zan soka tsinke babu, kuma in na ce zan fasa mai gida zai ba ni takardar tashi ne kawai. Ba gayu ya sa muka shiga noman buhu ba, tsadar tumatir ɗin 2024 ce ta koro mu, lokacin da mata suka koma yin miya da karas da busasshen tattasai, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, kullum kuɗin cefane ƙarewa yake tun a wajen mai kayan miya. Yanzu alhamdulillah alayyahu da albasa mai lawashi da attaruhu ban cika saya ba. Buhun shinkafa ne da na abincin kaji nake hudawa a gindi, in haɗa ƙasar juji da yashi kaɗan da kashin awaki da ya ruɓe, shi ke nan. In na tashi daga gidan nan kuma sai in ɗora kayana a a-kori-kura in tafi da gonata.

Ummi Daura:
Gsky Anti kin faɗi abin da ke bakina. Gidajen da ba irin na yanzu ba ne, gidan kakanmu sai ka gaji da tafiya kafin ka kai bayan gida, yanzu fuloti ɗaya ake rabawa gida huɗu.

Abba Agirik:
Baba barka da war haka, da girmamawa zan ɗan saɓa maka. Irin da ake sayarwa a leda ba duka ɗaya ba ne. Wanda ka ga an rubuta F1 a jiki shi ne haɗin aure tsakanin iyaye biyu daban, yana ba da 'ya'ya masu yawa, girmansu ɗaya, wasu suna jure cuta da zafi, amma in ka cire irinsa ka sake shukawa 'ya'yan rarrabuwa suke, wani ya yi kama da uwa wani da uba wani ma ba ya abin kirki, shi ya sa dole ka koma shago. Amma akwai irin tumatir kamar su UC82B, wanda manoman Kadawa da Kura ke ce wa UTC, da Roma, waɗannan ana iya cire irinsu a ajiye kuma su fito yadda suke. To ka ga ba duk na leda ne ke ɗaure mutum ba.

Sannan wani abu Baba, da yawa daga abin da muke ɗauka na kaka da kakanni baƙi ne. Tumatir da barkono da masara da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro da zogale daga Indiya, darbejiyar nan da ta cika ko'ina a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Su ma a zamaninsu sabon abu ne, wani ya kawo wani ya ƙi, daga baya suka zama na gida. Me zai hana latas da sitiroberi su ma su bi layi?

Baba Garba Samaru:
Ɗana Abba ka yi karatu kuma duk abin da ka faɗa haka yake. To amma ka tambayi kanka me ya sa suka zama na gida. Saboda da suka shigo sun faɗa hannun mutanen da ke cire iri ne, kowace shekara a zaɓi wanda ya fi yi a ƙasarmu da ruwanmu a ajiye, har barkonon ya saba da mu. Wanda kowace shekara sai an je an sayo shi da kuɗin da ke bin farashin dala, yaushe zai zama na gida? Kuma kuɓewa da rama da yakuwa da kuka namu ne na Afirka, ba wanda ya kawo mana, su ne nake tsoron su ɓace daga cikin gidaje. Ba wai za su ƙare a kasuwa ba, a'a, kalolinsu ne ke tafiya. Akwai kuɓewar da take yi da wuri tun kafin hatsi ya nuna, akwai doguwa mai kai wa har kaka da ake yankawa a shanya, akwai mai jan jiki, kowace unguwa da tata. Yanzu kowa iri ɗaya yake sayowa.

Hajiya Inna (jikarta Ummi ce ke rubutawa):
Inna ta ce in gaida Malam Garba in ce masa ita tana da shi. Ta ce kuɓewar da ke bayan ɗakinta yanzu da ita aka kawo ta gidan miji, uwarta ce ta ƙulla mata a bakin zane tare da irin yakuwa da na kabewa, kuma har yau ba ta yanke ba. Ta ce yadda ake yi, tun farkon haihuwar kuɓewa za ka duba gindin da ya fi lafiya ka ɗaura masa tsumma don yara su san ba a taɓa shi, ka bar 'ya'yan farko su tsufa a jiki har su bushe su fara tsagewa, in ka girgiza ka ji suna kaɗawa to sun yi. Ba a ɗaukar na ƙarshe da ya rage bayan an gama ci, wannan ragowa ce, kuma shi ne kuskuren 'yan yanzu. A ɓare a shanya a inuwa, a tankaɗe tokar murhu mai sanyi a zuba a gauraya, a sa a gora a toshe baki. Ta ce ƙwaro ba ya shiga.

Ta ce kuma ku daina cewa garka don miya ce kawai. Mace tana cikin kulle ba ta fita amma da zogalenta take yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli yara su kai talla, ta sayar da lalle, ta sayar da busasshiyar kuɓewa da rani, da shi ake zubin adashi ake tara wa 'ya kwanuka. Kuma maƙwabciya ba ta kwana da tuwo ba miya, sai dai ta leƙo ta katanga ta ce a tsinko mata. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gidan ƙaninta, yaran suka gaji gida suka sare zogale da lemun tsami da wata tsohuwar gwanda suka shimfiɗa intalok suka jera fulawar da ko akuya ba ta ci, yanzu su ke aiko yaro wajenta neman ganyen zogale in an ce wani jininsa ya yi ƙasa.

Abban Sadik Magini:
A gaida Hajiya. Ni sana'ata gini ce kuma ina da gidajen haya, bari in faɗi namu ɓangaren tunda kullum mu ake zagi. Ba ƙin shuka muke ba. Na sha fasa sokawe in tarar saiwar darbejiya ta cika shi taf, na ga katangar da cediya ta ɗaga ta tsage tun daga tushe, ga danshi in ana ban ruwa jikin bango sai fenti ya yi ta ɓarewa gara ta samu hanya. Ɗan haya zai shuka ya tashi ya bar ka da gyara. Sannan matan yanzu da kansu ke cewa a shafe musu tsakar gida, ba sa son taɓo da damina, ba sa son shara, suna tsoron maciji da sauro. In ka bar ƙasa a gida wlh sai an rage maka kuɗin haya.

Maman Ihsan:
Alhaji ni dai ba na cikin masu cewa a shafe. Da Afrilu simintin nan har bayan isha'i yana huci, yara ba sa iya taka shi da rana, ga ba wuta.

Dakta Hadiza:
Alhaji maganar sauro a gyara ta, sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwan da ya kwanta yake yi, kwata da tsohuwar taya da gwangwani. Asali ma gidan da aka shafe ko'ina ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya fita titi ya taru a kwatar da ta toshe, can ne sauron yake. Ni abin da ya fi damuna a wannan muhawarar ba wanda ya taɓo shi, wato feshi. Ina ganin mata a zauren nan suna tambaya wane magani zan fesa wa alayyahu, a turo musu hoton kwalba, ba maganar awo ba maganar kwana nawa za a jira kafin a ci, wasu ma fiya-fiyar da ake sa wa ɗaki suke fesawa a ganyen da za a dafa gobe. Wannan ganyen yara ne za su ci fa. In har shukar gida za ta zama haka to ina amfaninta, ai dalilin yin ta shi ne ka san abin da ka sa a tukunya.

Abba Agirik:
Wannan gaskiya ne Dakta, kowace kwalba akwai kwanakin jira a rubuce a jiki, mutane ne ba sa karantawa. Amma kar a ce toka da ganyen darbejiya suna maganin komai. A 2016 da tsutsar tumatir ɗin nan Tuta absoluta ta ɓarke, wadda manoma suka sa wa suna sharon, gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina ƙonewa suka yi cikin 'yan kwanaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ne ta yi ta ci daga ciki, toka ba ta isa wurin. Kakanninmu ba su san ta ba don haka ba su bar mana maganinta ba.

Baba Garba Samaru:
Haka ne, amma ka tuna su ma magungunan kwalbar a shekarar ba su yi ba, mutane sun yi ta fesawa har aljihu ya ƙare. Kuma ka lura, ramar da ke gefen gonakin nan da yakuwa ba abin da ya same su. Garkar da ba abu ɗaya ake shukawa ba, in ciwo ya kama wannan ga wancan. Buhu ashirin duk tumatir iri ɗaya, rana ɗaya za a yi maka sallama da su. Ga mai buhu goma a tsakar gida ni ba na ganin dalilin kwalba sam, ka duba ƙarƙashin ganye da safe ka tsince da hannu, wanda ya kamu ka cire ka ƙone, ka daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana ka tace ka fesa da yamma. Gona mai kadada ita ce wata magana.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba mu wuri mu ma. Nan wajenmu wannan gardama mun yi ta a kan zogale. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa wani iri na Indiya da ake kira PKM1, yana saurin tashi ga ganye da yawa, tsofaffi sunka ce ba ya da ɗanɗanon na gida, matasa sunka ce ku dai ku tsaya nan. Yau in ka je garake wajen Jiratawa da bakin gulbin Maraɗi za ka iske mutane na noman zogale kamar hatsi, kuma su ke cire irinsu da kansu, ba wanda ke jiran shago. Haka albasar Galmi da ake kai wa har Gana da Kwaddibuwa, manoma ne ke barin ta ta yi fure su cire iri. To ni a ganina Baba na da gaskiya a kan iri, Abba na da gaskiya a kan sabon abu ba laifi ba ne. Kuma Maman Ihsan, kuka ma ana shuka ta kusa da kusa kamar alayyahu a riƙa tsinkar ganyen tun tana ƙarama, ba sai kin jira ta zama itaciya ba, sai dai ki jiƙa irin cikin ruwan zafi ya kwana don ɓawon na da tauri.

Maman Ihsan:
Kai Malam Isuhu, ɗanyar kuka a buhu? Wlh zan gwada, maigidana ba abin da yake so irin miyar ɗanyar kuka.

Sadiya Kaduna:
Ni dai ina karantawa tun ɗazu kuma akwai abin da manya ba sa son a faɗa. Garkar da wa ke wahalarta? Yara da mata. Mu aka riƙa tasa da asuba jan ruwa a rijiya ana ban ruwa kafin a tafi makaranta. Yaran yanzu boko har ƙarfe biyu, islamiyya har magariba, asabar da lahadi hadda, uwar kuma tana wajen aiki. Ga ruwa saye ake a wajen 'yan garuwa, jarkar da za ki yi girki da ita ce za ki zuba wa kabewa? Ni buhu shida ne da ni kuma robar ruwa nake hudawa da allura in kifa a gindin kowanne tana ɗiga a hankali, a bidiyo na gani kuma yana min aiki, ba na jin na yi wa al'ada laifi.

Baba Garba Samaru:
Ba ki yi ba 'yata, dabarar robar nan mai kyau ce, da mun san ta da mun yi. Maganar yara ce ban yarda da ke ba. Lokacin Obasanjo na soja, 1976, da aka kawo shirin noma na ciyar da ƙasa, Operation Feed the Nation, kowace makaranta sai da ta yi lambu, ma'aikata a kwatas suka cire fulawa suka sa masara da kuɓewa, daga baya Shagari ya zo da nasa shirin a 1980. Shirye-shiryen sun wuce, amma yaran da suka riƙe fartanya a lokacin har yau sun san yadda ake yi. A 2024 ma na ji uwargidan shugaban ƙasa ta sa gasar kowane gida da lambu, to madalla, amma gasa tana da ranar rufewa. Yaron da bai taɓa ganin an bar kuɓewa ta bushe a jiki ba, in ya girma a ina zai san ana yi? Minti goma kafin islamiyya ya isa ya zuba ruwa ya duba ganye.

Sadiya Kaduna:
Baba minti goman nan a baki ne take da sauƙi, amma na ji.

Hajiya Inna (Ummi ke rubutawa):
Inna ta ce a faɗa wa masu zuba ruwan wanki a shuka su yi hattara. Ta ce su a da da toka da sabulun salo suke wanke-wanke shi ya sa ruwan ba ya cutar da komai, amma ruwan omo da bilic ɗin nan ta ga yadda ya ƙone wa jikarta barkono. Ruwan wankin shinkafa da na alwala da na ɗaurayar ƙarshe su za a tara. Ta ce kuma kashin kaji ɗanye wuta ne, a tara shi gefe ya sha ruwa ya huce tukuna. Sannan duk mai son irin kuɓewa da yakuwa ta yi wa Ummi magana bayan kaka, ba ta sayarwa, amma sharaɗinta in ya yi miki ki cire ki ba wata.

Abba Agirik:
Allah ya saka wa Inna. Ƙarin bayani ga masu karɓa, kuɓewa da kabewa ƙudan zuma na ɗaukar garin furen wannan ya kai wa wancan, don haka in kin shuka ta Inna kusa da ta leda irin zai gauraye, a shekarar da za ki cire iri ki shuka kala ɗaya kawai. Kuma masu sa takin zamani na NPK a buhu, ɗan murfin kwalba ya isa, nesa da gindi, yuriya kuwa tana da ƙarfi sosai, kashi 46 cikin ɗari ne sinadarin naitirojin da ke cikinta, buhu ba shi da inda zai kai rarar sai ta ƙone saiwa. Ni dai har yanzu a kan tumatir na damina ina nan a kan bakana, na gida ba ya jure ruwa da cuta kamar wasu F1 ɗin, wanda ke son ya ci tumatir a Agusta ya sayi leda.

Baba Garba Samaru:
A Agusta mu gauta da yakuwa muke sa wa a miya, tumatir na hunturu ne. Amma ka shuka naka in shuka nawa mu haɗu a nan da kaka.

Abban Sadik Magini:
To ni abin da zan iya, ginin da nake yi yanzu zan bar fili a tsakiya nesa da bango da sokawe, kamar taku uku, ba siminti. Zogale da lemun tsami na yarda. Darbejiya da cediya da mangwaro kuwa ko da kuɗi ba za a dasa min a cikin gida ba, a kai su ƙofar gida.

Maman Ihsan:
Alhaji in ka gama ginin a sanar da mu. Malam Isuhu tambaya, zogale zai yi a buhu ko sai ƙasa? Na sa wani ya yi tsawo siriri kamar sanda ganye sai a can sama.

Isuhu Maraɗi:
Buhu ya yi mashi kaɗan kuma rana na cinye buhun kafin shekara, ki samu rabin duro ki huda gindi. Wanda kin ka sa ɗin kar ki ji tausai nai, ki sare shi daidai ƙugunki, zai fito da rassa ta gefe, duk reshen da ya kai kamu biyu ki ƙara tsinke kan. Ruwa kaɗan yake so, in ya yi yawa saiwar ruɓewa take. In kuma akwai awaki a gidan ki kewaye shi da waya tun yau.